Hannu Ɗaya, Famfo Uku

Ranar da aka kawo ku ofis aka ce ku riƙa fita tare da ni, na ji abin da ɗayanku ya raɗa wa na kusa da shi. Cewa ya yi, "Wannan ma aiki ne? Ka tsaya, ka danna waya, ka wuce." Ban tanka ba, domin a daidai lokacin ina tunanin ko na kulle babur ko ban kulle ba. Na fita na duba, a kulle yake. Kafin in dawo kun shiga hirar ƙwallo. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta muku, tunda abin da aka rubuta ana iya sake duba shi kafin a miƙa.

Sunana Lawal, amma daga Batsari har Safana ba wanda zai gane wa kuke nufi sai kun ce Sake-Duba. Karatuna na firamare ne, daga nan ban ƙara ba. Aikina shi ne ɗaukar wuri. In je inda rijiya take, ko famfo, ko makaranta, ko kwalbati, in tsaya a kansa, in sa na'ura ta riƙe daidai inda yake a doron ƙasa, in rubuta halin da na same shi, in aika. A ofis sai ya fito ɗan ɗigo a kan taswirar gari da ke cikin kwamfuta. Taswirar nan kuwa ba tamu ce mu kaɗai ba. Masu kula da ruwa suna buɗe ta, masu allurar rigakafi suna buɗe ta, masu gyaran hanya ma haka, wasu a Katsina, wasu a inda ban taɓa zuwa ba. Ba su san fuskata ba, amma duk abin da na danna, shi ne gaskiya a wurinsu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Aikin farko da na taɓa yi, awon wani fili ne a bayan tashar mota, ina bin wani safiyo mai suna Malam Iro. Kawuna ne ya kai ni wurinsa, ya ce, "Ga shi nan, Malam. Ba shi da ƙiwuya, sai dai tsoro." Malam Iro ya ce, "Mai tsoro nake nema. Marasa tsoro sun cika mini littafi da ƙarya." A lokacin ba waya, ba kwamfuta. Tef ɗin awo ne na ƙarfe, da madubin hange mai ƙafa uku, da turaku, da guduma. Ni nawa shi ne riƙe bakin tef. Za ku ce wannan ba ya buƙatar koyo. Wata uku ana yi mini tsawa a kansa. Idan na sassauta ya yi ciki, sai Malam Iro ya ɗago daga madubi ya ce, "Ja shi, Lawal! Ba shanya kake yi ba." Idan na ja da ƙarfi ya ce, "To, tsinka shi kowa ya huta."

Muka kafa turaku huɗu a wannan fili, muka tashi. Washegari da safe, kafin Malam Iro ya iso, na koma na auna tsakanin turakun da tako, don kawai in tabbata. Uku suna inda muka bar su. Na huɗun ya koma gindin wata darbejiya, ga akuya ɗaure a jikinsa. Na yi sallama a gidan da ke kusa, wata tsohuwa ta leƙo. Ta ce, "Ni na mai da shi inuwa, ɗana. Wane marar tausayi ne ke kafa turke cikin rana?" Da ban koma ba, da an zana filin da turken akuya, mai filin ya gina ɗaki a kan hanyar mutane. Malam Iro ya dube ni, ya dubi akuyar, ya ce, "Daga yau sunanka Sake-Duba." Har ya rasu bai taɓa yi mini yabon da ya wuce wannan ba. Allah ya jiƙansa.

Kwalbatin da ke kan hanyar Yasore shi ne abu na farko da na ɗauka da na'ura mai magana da tauraron ɗan'adam. Rawaya ce, kamar ƙaramar rediyo, mai cin batir kamar ba gobe. Wanda ya koya mana ya nuna mini wata 'yar lamba a gefen fuskarta, ya ce ita ce ke faɗa maka iyakar ƙaryar da na'urar za ta iya yi maka a wannan lokaci. Idan lambar tana sama, to tana iya ajiye kwalbatin a cikin gonar wani. Sai ka jira ta sauko. Ba kuma ta saukowa sai tana ganin sararin samaniya. A ƙarƙashin bishiya ba ta gani, a ƙarƙashin rufin kwano ba ta gani. Ma'ana, aikinmu aikin tsayuwa a rana ne. Wayar da aka ba ku yanzu ta fi waccan kyau, tana da fom a ciki, tana ɗaukar hoto, amma halin nan na son rana bai bar ta ba. Idan na ga mai ɗaukar wuri ya dawo da yamma fes, ba gumi a wuyan riga, na san ɗigonsa yana bin inuwa.

Ga abin da ke cikin jakata, in kuna so ku kwafa. Waya, da abin ajiyar caji guda biyu, domin ɗaya yana iya cewa ya cika alhali bai cika ba. Littafi da fensir, ba biro ba, biro yana zuba a zafi. Tsakuwa kaɗan a aljihun gefe, ta jefawa a rijiya in ji ko ruwa zai amsa ko laka. Leda ta kare waya daga ruwan sama. Da robar taya mai tsawo ta ɗaure kaya a bayan babur. Wannan robar tana da nata labari.

Wani aiki da aka yi a wajen Babban Duhu, ba ni na je ba, wani abokin aikinmu ne da ba zan faɗi sunansa ba don yanzu ya zama babba. Ya isa da rana tsaka, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo fura. Sai ya ga ai ba sai ya wahala ba. Dattawa suna lissafa masa abin da ke garin, shi kuma yana dannawa daga zaune. Da aka buɗe taswira a ofis, sai ga masallaci, da makaranta, da injin niƙa, da rijiya huɗu, duk a jibge wuri guda, a kan tabarmar nan. Shugabarmu Hajiya Rabi, wadda ke riƙe da kwamfutar, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Jama'a, a je a taimaki bawan Allah nan. Yana zaune a kan rijiya huɗu bai sani ba."

Hajiya Rabi ita ta nuna mini amfanin wahalar da muke sha. Wata rana ta kira ni gaban kwamfuta ta ce, "Baba Lawal, zo ka ga ɗigonka yana aiki." Ta fito da gidajen gari, ta ɗora hanyoyi a kansu, ta ɗora famfuna a kan hanyoyi, kamar mai jera tabarmi wata kan wata amma kana hango ta ƙasa. Famfon da ke aiki shuɗi ne, wanda ya lalace ja. Sai ta sa kwamfuta ta zana da'ira kewaye da kowane shuɗi, iyakar tafiyar da ta kamata mace ta yi da jarka a kai. Gidajen da suka faɗa cikin da'ira, an ɗauka suna da ruwa. Waɗanda suka rage a waje, su ake nema wa. Ta ce, "Motar gyara kuma ja kawai take bi. Ba ta tsayawa gaida shuɗi."

Masu hulɗa da mu iri-iri ne. Lokacin da muka ɗauki rumfunan kasuwar Batsari don a san inda za a bi da magudanar ruwa, wani mahauci mai suna Garba ya ce sai na nuna masa inda ya fito. Na nuna masa. Ya ƙura ido, ya ce, "Wannan ɗan ƙwayar ne ni? To wannan na kusa fa?" Na ce mai tumatir ne. Ya ce, "Haba Malam! Ni da nake kayar da sa, ɗigona daidai da na mai tumatir? A ƙara mini girma." Na ce ba a ƙarawa, ko gidan gwamna ɗigo ɗaya ne. Ya ce shi ke nan, tunda har gwamna ya haƙura. Daga ranar muka saba, kullum na wuce sai ya ɗaga wuƙa ya ce, "Sake-Duba, ina nan dai a taswira?"

Shekarar da ba ma son tunawa ita ce wadda rashin tsaro ya yi tsanani. Mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin gari, aka wayi gari unguwannin gefe sun cika sun batse, gidajen da ba su cikin taswirarmu sun fi waɗanda ke ciki. Hanyar da kake bi da ido rufe ta koma sai ka tambaya kafin ka kama ta. Har sabis ɗin waya aka ɗauke, sai dai in juye aiki a ɗan kati, in shiga motar Katsina in kai da hannu. Amma abin da ya fi ba mu wuya shi ne, mutumin da ke tsayawa a ƙofar gida yana danna na'ura ya zama abin tsoro, kuma da gaskiyar mutane. Ina ɗaukar wani sabon lungu don masu rigakafi su san hanyar shiga, sai na ga an zagaye ni. Aka ce, "Wa kake kai wa hoton gidajenmu?" Na fito da takardar aiki, ba wanda ya tsaya karantawa. Aka tasa ƙeyata zuwa bakin kasuwa. Allah ya sa Garba yana rumfa. Ya ajiye wuƙa ya ce, "Wannan? Ku sake shi don Allah. Mutumin da zai sayi nama, ya je gida, ya dawo ya tambaye ni ko na tabbata da bisimilla aka yanka? In da mugu ne, da tsoro ya kashe shi tun a hanya." Aka yi dariya, aka ba ni haƙuri, wani ma ya kawo mini ruwa.

Daga wannan shekara muka ɗauki ƙa'ida biyu. Ta farko, akwai abin da ba ya shiga taswirar da ake rabawa ko an ce a sa: garken shanun mutum, da rumbunsa, da sunan mai gida. Ba ka san hannun da za ta faɗa ba. Ta biyu kuwa ni na ƙirƙiro ta. Ba na shiga unguwa sai na aika wa mai unguwa saƙo tun jiya. In na je kuma sai na zauna an gaisa gaisuwa cikakkiya, iyali, da gajiya, da damina, da jama'a, ba na tsallake ko ɗaya. Ƙa'ida ce mai kyau, har yanzu ina bin ta. Amma ita ce ta jefa ni cikin babban kuskuren da na taɓa yi.

Aikin famfunan tuƙa-tuƙa ne, bayan abubuwa sun ɗan lafa. An ce a sake ɗaukar kowane famfo a gari, domin akwai motar gyara da za ta zo daga Katsina da kayan aiki, kuma daga taswira za a fitar mata da jerin inda za ta tsaya. Aka ba ni wata unguwa ta gefen gari, cikin waɗanda suka cika da baƙi, mai famfo uku: ɗaya a bakin masallaci, ɗaya a bayan makaranta, ɗaya a gindin tsamiya. Na aika wa mai unguwa Bawa saƙo tun jiya, kamar kullum.

Na isa da hantsi. Famfon bakin masallaci tsaf, an share kewayensa har an yayyafa ruwa. Ban yarda da ido ba, na kama hannun na tuƙa da kaina, ruwa ya zubo. Na jira lamba ta sauko, na danna, na ɗauki hoto uku, na rubuta yana aiki. Sannan na shiga zaure yin sallama da mai unguwa. Sallamar ta yi tsawo. Duk lokacin da na yunƙura sai ya tuno wani da muka sani tare ya tambayi lafiyarsa. Da na fito, sai ga wani mutum tsaye kusa da babur ɗina, da wani dogon abu naɗe cikin tsohuwar tabarma. Ya ce shi ne Sale, makaniken famfunan unguwar.

Ya ce, "Malam, bayan makaranta za ka? Ka rage mini hanya mana."

Na ce, "Mene ne a tabarmar?"

Ya ce, "Kayan aiki ne."

Na ɗaga, da nauyi. Na ji tsoron kada ya zame ya bugi wani a hanya, sai na fito da robar tayata na ɗaure shi da kaina, ɗauri uku, na jijjiga na ga ba ya motsi. Muka tafi a hankali, ina kauce wa ramuka.

A bayan makaranta wani dattijo yana jira da tabarma da ƙwaryar fura. Ya ce ba za a ce baƙon mai unguwa ya wuce ƙofarsa a tsaye ba. Sale ya kwance kayansa ya shige lungu. Na sha fura, aka yi gaisuwa, aka yi zancen damina. Da aka raka ni famfon, tsaf shi ma. Na tuƙa, ruwa ya zubo. Na danna. Na koma yi wa dattijon godiya, na fito, ga Sale da tabarmarsa. Ya ce, "Malam, ashe hanyarmu ɗaya yau." Na sake ɗaurewa. A gindin tsamiya gyaɗa aka kawo maimakon fura, ban da wannan komai iri ɗaya. Da yamma na aika aiki, ɗigo uku suka fito shuɗi. Hajiya Rabi ta zana da'irorinta, suka rufe unguwar ruf. Ta ce, "Ma sha Allah. Waɗannan ba su da matsala."

Kwana uku bayan haka ina zaune a ofis, ba aikin fita, sai na shiga duba tsofaffin hotuna, don ina zargin yatsana ya rufe gefen wani. Yatsa bai rufe ba. Amma a hoton bakin masallaci na ga hannun famfon yana da tabon walda a tsakiya, da jar roba naɗe a wurin riƙo. Na wuce zuwa na makaranta. Tabon walda, jar roba. Na wuce zuwa na tsamiya. Na ajiye wayar, na fita na duba ko na kulle babur, na dawo na sake kallo. Suna nan.

Ranar ce na karya ƙa'idata, na tafi ba saƙo. A bakin masallaci famfo yana tsaye ba hannu, an kifa masa tsohon kwano a ka. A gindin tsamiya haka. A bayan makaranta kuwa jarkoki sun yi layi har sun sha kwana, mata da 'yan garuwa ana ta cacar baki kan wa ya riga wa. Na gaida wata dattijuwa da ke zaune a kan jarkarta, na tambaye ta famfon tsamiya. Ta ce, "Yau Talata, hannu yana makaranta. In namu kake so ka dawo Alhamis." Ta ce tun da hannaye biyu suka karye, guda ɗaya ya rage, shi ake zagayawa da shi, kwana bibbiyu, ranar Juma'a kuma a bar wa masallaci. Sai ta dube ni da kyau ta ce, "Af, ba kai ne ka yi mana dakonsa ranar nan ba? Sannu da ƙoƙari."

Na wuce zauren mai unguwa da taswirar da Hajiya ta buga mini a takarda. Na gaishe shi gaisuwa cikakkiya, don kuskure ɗaya ya isa. Sale yana gefe yana goge sifana, ya ƙi haɗa ido da ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na zo ne a kan hannun famfo."

Ya ce, "Wane daga ciki?"

Na ce, "Ai guda ɗaya ne, ranka ya daɗe."

Ya gyara zaman hula. Sannan ya ce, "Malam Lawal, kai ka aiko cewa za ka zo. Baƙo ya aiko tun jiya, sai ya tarar da mu da kwano kife a kan famfo? Ban da wannan ma, an ce mana duk famfon da aka rubuta ya mutu, zuwa za a yi a zare bututunsa a kai wani gari. Mu da muke fama da guda, in aka zare biyu, mi za mu ce wa mutane?"

Na shimfiɗa takardar a gabansa. Na ce, "Ka ga shuɗin nan uku? Ma'anarsu kuna cikin wadata. Motar gyara za ta shigo gari, ta wuce ta bakin unguwar nan, ba za ta ko rage gudu ba. Ni na rubuta haka, da hannuna. Ranar Litinin za a rufe jerin."

Ya ce, "In ka mai da su ja, ka rantse ba za a zare ba?"

Na ce, "Ba zan rantse a kan abin da ba ni ke yi ba. Amma bari in kira wadda ta sani."

Na kira Hajiya Rabi, na buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Na faɗa mata komai, har da robar taya. Sai muka ji ta tana tari irin na mai danne dariya. Da ta natsu ta gaida mai unguwa da ladabi, ta ce, "Baba, motar nan kawowa take yi, ba ɗauka ba. Ba ta ma da abin zare bututu. Ja shi ne kira, shuɗi kuwa sallama ce."

Sale ya ajiye sifana ya ce, "To ai shi ke nan, Malam. Ka mai da duka ukun ja, a kawo mana uku."

Na ce, "Ɗaya yana aiki, na gani da idona yanzu."

Ya ce, "Minti biyar ya ishe ni ya daina."

Na ce, "Sale, na yi maka dako sau biyu. Ba zan yi na uku ba."

Mai unguwa ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce a bar tsohon hannun a bayan makaranta, tunda can layi ya fi tsawo, a rubuta gaskiyar sauran. Ya taso da kansa ya raka ni, ya cire kwanon da ke kan famfon masallaci ya riƙe a hannu, ya ce, "Ɗauka da kyau, a ga tsiraicin." Na jira lamba ta sauko, na ɗauki biyun ba hannu, na mai da su ja. A wurin ƙarin bayani na rubuta: hannu ɗaya, famfo uku.

Za ku ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, kuma nan ne nake so ku buɗe kunne. Da na koma ofis, Hajiya ta duba ta ce masu ruwa na Katsina sun riga sun sauke taswirar tun jiya, da ita za su buga jerin. Gyaran da na yi yana cikin tamu, amma ƙaryata tana cikin tasu. Abin da aka raba ya riga ya fita, ba ya dawowa don ka yi nadama. Ta aika musu saƙo. Na ce in saƙon bai isa ba fa? Ta kira, aka ce mai aikin ya fita. Na ce in ya dawo ya manta fa? Ta ce, "Baba Lawal, je ka. Na san in ba ka je ba, mu ma ba za mu huta ba."

Litinin da sassafe ina cikin motar farko, hotuna biyar a cikin leda, ledar a cikin jaka, jakar a kan cinya. Na sami jami'in yana shirin sa hannu a jerin. Saƙon Hajiya ya iso, yana cikin waɗanda bai kai ga buɗewa ba. Na jera masa hotunan a tebur, uku masu jar roba a sama, na nuna masa tabon walda ɗaya bayan ɗaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Ya ce, "Tsakanin famfunan nan akwai 'yar tafiya. Wa ya riƙa kai musu hannun da sauri haka?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya kira na ofis ɗin kusa ya ce in maimaita. Na maimaita. Sannan ya sauke sabuwar taswira, ya ƙara layi biyu a jerin. Ban tashi ba sai da na karanta layukan da idona, na roƙe shi ya karanta mini su da baki. Tun daga lokacin Hajiya ta ƙara tambaya a fom ɗinmu, wadda za ku gani a ƙasan ta aiki ko rashin aiki: kwana nawa yake ba da ruwa a mako? Idan kun taɓa mamakin wa ya jawo muku wannan ƙarin aiki, ga shi kun sani.

Motar ta zo, ta tsaya a bakin masallaci, ta tsaya a gindin tsamiya. Na je na tuƙa duka ukun a rana ɗaya, ba saƙo, kuma na bi ta hanyar da ba a zata ba. Kowanne da hannunsa. Dattijuwar nan tana gindin tsamiya ranar Talata, jarkarta a ƙarƙashin famfo, ba kowa a gabanta. Na mai da ɗigon biyu shuɗi.

Ina shirin tada babur sai ga Sale, da dogon abu naɗe cikin tabarma. Ya ce, "Malam, ka rage mini hanya."

Na ce, "Kwance."

Ya ce, "Haba Malam, ba yarda?"

Na ce, "Kwance, Sale."

Ya kwance. Rake ne, sanda shida, mai unguwa ya ce a kai gidana. Na ɗaga kowace sanda na duba ƙarƙashinta. Sannan tunani ya zo mini, ko ya halatta ma'aikaci ya karɓi rake a kan aikin da aka sa shi? Sai na ɗaure shi da robar taya, ɗauri uku, na wuce da shi ofis na ajiye a gaban Hajiya Rabi, na ce ta yanke hukunci. Ta zaɓi sandar da ta fi kauri, ta karya a gwiwa, ta ce sai ta ɗanɗana kafin ta san abin da doka ta ce.

Gobe ƙarfe bakwai za mu fita. Ku zo da fensir, ku zo da hula, don a rana za mu tsaya. Wanda ya ce aikin danna waya ne, shi zai hau bayana. In kuma wani ya tare mu da kaya a tabarma, na bayan nawa ne zai sauka ya kwance tabarmar.